Burauzar da ta zo da waya: wa aka kira ɗan ƙauye?

Sani Mai Gyara: Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau raina a ɓace yake. Wani dattijo ya kawo min waya shago, wai datarsa na ƙarewa bai san inda take zuwa ba. Ina buɗe burauzar da ta zo da wayar, wato manhajar shiga shafukan intanet, tun ban rubuta komai ba, sai ga tallan caca da hotunan da ba su faɗuwa. A gaban sa'an mahaifina wallahi! Kullum ina gaya muku akwai buɗaɗɗun burauza, waɗanda aka baje rubutun da aka gina su da shi a fili, duk mai ilimin abin zai iya dubawa ya ga me suke yi da bayananka. Firefox tana nan tun 2004, Mozilla ce ke yin ta, kuma a wayar Android za ka iya ɗora mata uBlock Origin ya toshe maka talla. Ga Brave ma. Ba ko sisi. Amma mutanenmu abin da suka tarar a waya shi ke nan har ta mutu. Wannan ƙauyanci ne, ya kamata mu daina.

Ɗanlami Mai POS: Wa alaikumus salam. Ƙauyanci ka ce? Sani, a garin nan aka binne cibiyarka. Don ka yi zaman koyon gyara a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano shi ne ka dawo kana mana kallon 'yan ƙauye?

Usaini Mai Caji: Wallahi kalmar nan ta yi min zafi. Dattijon da ka ba da labarinsa shi ne ɗan ƙauyen ke nan?

Sani Mai Gyara: Ni ban kira kowa ɗan ƙauye ba. Hali na faɗa. Mutumin birni ma yana ƙauyanci.

Ɗanlami Mai POS: To a ina aka samo kalmar in ba daga ƙauye ba? Me ya sa ba ka ce rashin sani ba?

Malam Habu: Sani ɗana, Ɗanlami ya fi ka gaskiya a nan. Wanda bai sani ba koya masa ake yi. Mu da muke aji mun san da zarar ka muzanta yaro, ka rufe masa kunne ke nan har a tashi. Ka janye kalmar a ci gaba.

Sani Mai Gyara: Allah ya gafarta Malam, ina girmama ka, amma ba zan janye abin da ban yi nufin zagi da shi ba.

Garba Direba: Tun 1991 da aka cire Jigawa daga Kano muke shan wannan kalma a bakin Kanawa. Ka shiga Kwari ka buɗe baki su ce daga wane ƙauyen. Yanzu namu ma sun koyo.

Auwalu Zakirai: Kawu Garba, a bar sa Kanawa a ciki. Ni ɗan Kano ne, kuma ƙarfen sabis ɗin garinmu bai fi naku ba. Mu ma haka 'yan cikin birni suke mana.

Garba Direba: Ai ku kuna da birnin da za ku fake da shi.

Hajara: Yayyena, don Allah a koma kan maganar. Akwai abin da Yaya Sani bai faɗa ba. Chrome da Edge da Brave da Opera ta kwamfuta duk a kan Chromium aka gina su, wanda Google ke jagoranta. Kamar babur ɗaya ne kowane kamfani ya sake masa fenti da sirdi. Chromium ɗin buɗaɗɗe ne, amma ita Chrome an ƙara mata abubuwan da ba a buɗe ba. Firefox ce ke da injinta na daban, Gecko. Saboda haka wanda yake son ya fita daga hannun Google da gaske, zaɓinsa kaɗan ne.

Usaini Mai Caji: Duk wannan karatun Dutse ne, ƙanwata. Ni abin da na sani, in ka wuce gadar bayan gari sabis ya koma layi ɗaya, babu abin da ke buɗe shafi sai Opera Mini. Wayoyi nawa ke kwana a rumfata? Kusan kowa ita yake da ita. Duk 'yan ƙauye ne ke nan?

Hajara: Gaskiya ne tana da sauƙin data, Yaya Usaini, saboda shafin yana fara bi ta manyan kwamfutocin kamfanin su matse shi kafin ya iso wayarka. Amma ita ba buɗaɗɗiya ba ce. Kamfanin na ƙasar Norway ne asali, a 2016 'yan kasuwar Sin suka saye shi.

Usaini Mai Caji: Wayar hannunki ma 'yar Sin ce.

Ɗanlami Mai POS: Bari in fasa ƙwan. Ita Firefox ɗin da Sani ke yi wa waƙa, kun san mafi yawan kuɗin Mozilla daga Google yake zuwa? Biyansu ake don su sa Google ya zama wurin bincike na farko. To ina 'yancin? Sani so yake mu yi layi a shagonsa yana ɗora mana yana karɓar ɗari biyu-biyu.

Sani Mai Gyara: Maganar kuɗin Google gaskiya ce, kuma ba ɓoye ta aka yi ba. Amma kana iya canza wurin binciken zuwa DuckDuckGo da yatsanka, babu mai hana ka. Zancen ɗari biyu kuwa ƙazafi ne. Wa na taɓa karɓar wa? Kai da ke ninka cajin cirar kuɗi ranar kasuwar Gujungu, kai ne za ka yi min maganar son kuɗi?

Ɗanlami Mai POS: Ka san nawa nake biya kafin in samo tsabar kuɗi daga Ringim? Ka san kuɗin mai?

Iliya Yaron Shago: Maigidana bai taɓa karɓar ko kwabo a kan ɗora burauza ba, ni shaida ne.

Garba Direba: Yaron shago ai dole ya faɗi haka.

Inna Talatu: Sannunku 'ya'yana. Ni dai tambaya ce da ni. Wayata ƙarama ce, Iliya ya ce ram ɗinta giga ɗaya ne. Karatu nake saurara da ita, jikokina kuma suna ɗauka. Wacce zan sa da ba za ta nuna musu abin banza ba?

Auwalu Zakirai: Ni Brave nake amfani da ita, tana zuwa da abin toshe talla a jikinta. Brendan Eich ne ya kafa ta, wanda ya ƙirƙiro JavaScript, yaren da ake gina shafukan intanet da shi, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Mozilla ma. Har kuɗin kirifto take bayarwa, BAT, in ka yarda ka kalli tallanta.

Malam Habu: Tsaya Auwalu. Kirifto? To wannan sai an tambayi malamai. A biya ka don ka kalli talla da kuɗin da ba a gani?

Auwalu Zakirai: Ba dole ba ne Malam, sai ka kunna da kanka. In ba ka so ka bar shi a kashe.

Garba Direba: Haka aka ce mana lokacin da yaran garin nan suka kwana suna danna waya wai suna haƙar kuɗi. Ina kuɗin?

Auwalu Zakirai: Wasu sun samu, Kawu.

Garba Direba: Nuna min mutum ɗaya da ya sayi ko akuya.

Ɗanlami Mai POS: Kun gani ko? Mai toshe talla ita ma talla take sayarwa. Amma mu ne 'yan ƙauye.

Sani Mai Gyara: Na ce ban kira ka ɗan ƙauye ba, Ɗanlami! Sau nawa zan faɗa? In kana jin kalmar ta hau kanka, wannan kuma kai ka sani.

Usaini Mai Caji: To ga shi nan ya maimaita!

Hajara: Inna ta yi tambaya fa, babu wanda ya kula.

Ɗanlami Mai POS: Sai Sani ya ba da haƙuri tukuna.

Nura Shugaban Zaure: Jama'a ya isa haka, dare ya yi. Na karanta komai daga farko, ga abin da aka tsayar. Kowa ya yarda kalmar da Sani ya yi amfani da ita ba ta dace ba, Malam Habu da kansa ya ce ya janye ya ƙi. Ƙanwarmu Hajara ta yi mana bayani cewa yawancin burauzan nan a kan Chromium da Google ke jagoranta aka gina su, Yaya Ɗanlami kuma ya kawo hujja cewa ita ma Firefox Google ke ciyar da ita, saboda haka babu wani bambanci da zai sa a zagi mutane. Brave akwai shubuha a cikinta har sai malamai sun yi magana. Opera Mini ce ta dace da sabis ɗinmu, ni ma ita nake amfani da ita tun wayar maɓalli kuma ban taɓa ganin illarta ba. Maganar cajin POS ba wurinta ba ne nan, kada a sake ɗago ta. Na rufe zauren sai bayan asuba. Sani, muna jiran ban-haƙurinka kafin a buɗe, sannan a shiga maganar kuɗin taki.