Zan shiga Maraɗi da motata, waɗanne takardu zan riƙe?

Baban Ummi: Salamu alaikum. Zan kai Hajiyarmu biki Maraɗi ta hanyar Jibiya. Ban taɓa tsallaka iyaka da mota ba, kuma ƙafarta ba ta jure dogon zama. Me zan tanada?

Direban Katsina: Wa alaikumus salam, Alhaji. Takardun mota na asali, lasin, inshora, sai katin rigakafin shawara na kowa. A Ɗan Isa 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, za su ba ka takardar izinin shigar da mota, ka adana ta har dawowa. Duba lambar injinka tun a gida. Tawa ta sha bamban da ta takarda da harafi ɗaya, na wuni a gindin bedi.

Maman Sadiya: Ku yi sammako, ku canji sefa tun a Jibiya. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya.