Hidimar warkarwa tsakanin ikilisiyoyin gari ɗaya: ta ina ake farawa?

Sakataren Zumunci:
Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa cikin sunan Yesu. A garinmu da ke kudancin Kaduna akwai ikilisiyoyi tara: ECWA guda biyu, Katolika, Angalikan, Baptis, HEKAN, da uku na Pentikostal. Zumuncin fastoci na son a fara hidimar warkarwa ta haɗin gwiwa, amma baki bai zo ɗaya ba. Wasu sun ce a gayyato babban mai wa'azi, a buga fosta, a yi taron kwana uku a fili. Wasu sun ce a fara da ziyarar marasa lafiya gida-gida. Ina roƙon masu sani su taimaka: da wanne ake farawa, mutum nawa ake bukata, wa ke shafa mai, kuma ina iyakar addu'a da zuwa asibiti?

Rabaran Mai Ritaya:
Ɗana, ku fara da ziyara. Taron fili kwana uku ne, mai wa'azi ya hau motarsa ya tafi, amma mai ciwon yana nan kwance a ɗakinsa ranar Litinin. Yaƙub 5:14 ma abin da ya tsara ke nan: marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su zo wurinsa, su yi masa addu'a, su shafa masa mai da sunan Ubangiji. Aikin na ikilisiyar da ta san mutumin ne, ta san gidansa da abin da yake ci.

Kafin komai, fastocin tara su zauna su sa hannu a takarda mai shafi ɗaya, kowa kuma ya sanar da na gaba da shi, na ECWA ya gaya wa DCC, wato majalisar ikilisiyoyinsu ta gunduma, Fada ya gaya wa bishop. In an tsallake wannan, wata uku ba za a yi ba za ka ji wasiƙa ta zo daga sama tana tambayar wa ya ba da izini. Abin da ya fi rusa irin wannan haɗin kai shi ne tsoron satar tumaki, don haka sharaɗi na farko a takardar shi ne duk wanda aka ziyarta, fastonsa ne zai fara sani, kuma ba wanda zai ce masa "zo majami'armu za ka sami sauƙi". Na biyu, ba a karɓar ko sisi daga marar lafiya, ba a sayar da mai, ko ruwa, ko ƙyalle. Matiyu 10:8 ya rufe wannan ƙofa, labarin Gehazi, baran annabi Elisha da ya bi Na'aman ya karɓi kyauta bayan an warkar da shi, kuma yana nan ga mai son tuni. Na uku, ba a ce wa kowa ya bar magani.

Kowace ikilisiya ta ba da mutum huɗu: dattijo ɗaya, mace ɗaya daga Zumuntar Mata, matashi ɗaya mai babur ko mai iya samo shi, da ma'aikacin lafiya in akwai. Mutum 36 ke nan. A koyar da su Asabar huɗu a jere, ana zagayawa daga wannan majami'a zuwa waccan don kada aikin ya zama na ɗarika ɗaya. Kada ku zaɓi wanda ya fi kowa murya a addu'a. Ku nemi mai riƙe sirri, mai iya zama shiru ya saurara.

A koyarwar, ku daɗe a kan abin da za a faɗa in ba a warke ba, don nan ne ake yi wa mutane rauni. Wanda aka ce masa rashin bangaskiyarsa ne ya hana, ko akwai zunubin da ya ɓoye, an ƙara masa ciwo a kan ciwo. A karanta musu Yahaya 9:1-3, da 2 Timoti 4:20 inda Bulus da kansa ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas. Mu roƙa da dukan zuciya, amma kada bakin kowa ya yi alkawarin ranar da Allah bai faɗa ba.

Taron haɗin gwiwa yana da wurinsa, sau ɗaya a wata uku, da rana, cikin majami'a, a tashi kafin duhu. Lasifika ta tsaya a ciki saboda maƙwabta.

Nas Ɗiyar Fasto:
Baba Rabaran ya gama magana a kan tsari. Bari in ƙara ta ɓangaren asibiti, don raba addu'a da magani baƙon abu ne a tarihinmu. Mishan ɗin da suka kawo bishara su ne suka gina asibitin Vom, da Jankwano a Jos, da asibitin ido na ECWA a Kano, da Galmi a Nijar. Luka ma likita ne.

Kowane mai ziyara ya riƙe kati mai ɗauke da alamomin da ba a jira da su. In an ga ɗayansu a garzaya asibiti, a yi addu'ar a kan hanya, cikin mota ko keke napep. Ga alamomin: mai ciki da ke zubar da jini, ko jijjiga, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, naƙudar da ta kwana ta wuni, yaro mai zazzaɓi da ya sanƙare ko ya kasa shan nono, bakin da ya karkace farat ɗaya ko hannu ya mutu, saran maciji, wanda ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya. Mai farfaɗiya in ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, a janye shi daga wuta da ruwa, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa komai. In ta wuce minti 5, asibiti. Kuma a faɗa wa jama'a ƙarara cewa ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau.

Inda aka fi yin asarar rai shi ne magungunan dogon zango. Mai tarin fuka yakan ji sauƙi bayan 'yan makonni, a yi masa addu'a, ya ce ya warke, ya ajiye ƙwayoyin. Maganin na wata 6 ne, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma in an yanke shi ciwon na iya dawowa da taurin da maganin farko ba zai ƙara yi masa ba. Mai shan maganin HIV ana iya gwada shi a ga ƙwayar ta kwanta har ba a ganinta a jini. Wannan aikin maganin ne, in ya daina sha za ta sake tashi. Haka hawan jini, haka ciwon suga. Mai allurar insulin kada a sa shi azumi sai likitansa ya yarda. Don haka tambayar farko bayan gaisuwa ita ce, "Baba, ina maganinka, ka sha na yau?" A duba kwalin, a duba ranar komawa asibiti a katinsa.

Duk tarin da ya wuce mako biyu a kai shi gwajin majina, kuma a yi ziyarar a tsakar gida ko a buɗe taga. A wanke hannu da sabulu kafin ɗora hannu da bayansa. Ba a zuba mai a ido, ko kunne, ko kan gyambo, ba a kuma ba mutum ya sha.

Mai taɓin hankali kuma, don Allah, ba mari, ba sarƙa, ba bulala, ba hana abinci da sunan fitar da aljani. Yaro ko tsohuwa da aka nuna da yatsa aka ce maita ce ta jawo ciwon gidan, aikinku ku kare su, ku kai maganar gaban fasto nan take.

Mama Zumunta:
Sannunku da aiki. Ziyarar kanta tana da ladabi. A je mutum biyu ko uku, kada a wuce haka, ɗakin marar lafiya ba ya ɗaukar taro. Namiji ba ya shiga wurin mace shi kaɗai. A aika tukuna a tambayi lokacin da ya dace, a zauna ƙasa-ƙasa daidai da shi maimakon a tsaya masa a ka, minti 20 ya isa. A bar shi ya faɗi abin da yake so a roƙa masa, sau da yawa kuɗin makarantar yara ne ya hana shi barci fiye da ciwon. Waƙa ɗaya a hankali, aya ɗaya ko biyu, sannan a nemi izininsa kafin a taɓa shi. Man ɗigo ɗaya ne a yatsa, a goshi. Man zaitun na kanti ya wadatar, in babu, man gyaɗa mai tsabta.

Ku duba randa ko da ruwa, ku duba murhu ko an hura wuta yau. Wadda ta yi wata biyu tana jinyar miji ita ma tana bukatar wata ta karɓe ta yini ɗaya. Matan da ke fama da yoyon fitsari ba za su taɓa fitowa gaban taro ba, mace 'yar'uwarsu ce za ta same su a ɗaka ta gaya musu ana yin aikin gyara shi, a Jankwano ko Babbar Ruga a Katsina. Abin da aka ji a ɗaki kuma ya tsaya a ɗaki, kada ya fito a sanarwar Lahadi da sunan "batun addu'a".

Katikis:
Gyara ɗaya, Baba Sakatare, don kada a samu saɓani. A Katolika shafa wa marar lafiya mai sakramenti ne, Fada kaɗai ke yi, da man da bishop ya tsarkake. In tawagar ta je gidan ɗan Katolika, ta yi addu'a, ta bar man, ta sanar da Fada. Haka a taron haɗin gwiwa a bar Jibin Ubangiji, kowa ya ci a majami'arsa. Ranaku biyu za su yi muku amfani wajen sanar da jama'a: 11 ga Fabrairu, ranar marasa lafiya ta duniya, da 18 ga Oktoba, ranar Luka.

Sakataren Zumunci:
Na gode ƙwarai, Ubangiji ya sāka. Saura kuɗin mota da na magani, da kuma masu son ba da shaida.

Rabaran Mai Ritaya:
Kowace ikilisiya ta ware baiko ɗaya a wata uku, a zuba a asusun banki mai sa hannun mutum uku daga ɗariku daban-daban. A biya asibiti ko kemis kai tsaye a karɓo rasit, kuma a karanta rahoto a dukan majami'u tara ba tare da sunan marasa lafiya ba. Shaida kuwa, Yesu da kansa ya tura kutaren nan goma su nuna kansu ga firistoci. Wanda ya ce ya warke ya koma inda aka gano ciwon a sake gwada shi, a jira wata uku, sannan in shi ya so ya tsaya gaban jama'a. Ba a ɗaukar hoton kowa a sa a Facebook ko WhatsApp sai da yardarsa, yaro kuma sai da yardar iyayensa.