Niyuroblastoma: kumburin cikin yaro da ake ɗauka saifa ce

Likitan yara: Wannan daji daga ƙwayoyin jijiya da ba su gama nuna ba yake tasowa, galibi a ɗan ƙullin da ke bisa ƙoda. Yawancin masu shi ba su kai shekara 5 ba. A Sakkwato abin da ke cinye mana lokaci shi ne a ce saifa ce, a yi tsaga, a yi ta ba da maganin maleriya. Saifa a hagu take, ƙarƙashin haƙarƙari. Wannan kuwa tauri gare shi, da gargada, sau da yawa yana tsallake tsakiyar ciki. In yaro ya fara ɗingishi, ko kewayen idonsa ya yi baƙi kamar an doke shi, watakila ya kai ƙashi. Ƙafafu suka saki ko fitsari ya tsaya, ƙullin dajin ne ya danne lakar ƙashin baya, a kai shi UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a ranar.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Likita, bari in ƙara. Bayan sikanin da hoton CT, ana auna VMA da HVA a fitsari, wato sinadaran da kan ƙaru in akwai wannan daji. Fitsarin awa 24 yana da wuyar tarawa ga jinjiri, don haka na lokaci ɗaya ma yana yi in an haɗa da awon kiriyatinin, wani sinadarin da ƙoda ke fitarwa a fitsari. Ɓargo daga ƙashin ƙugu ake ɗiba, dama da hagu, domin gefe ɗaya na iya fitowa lafiya alhali cutar na ɗayan. Galibi sai an ɗebi tsokar ƙullin an duba kafin a tabbatar, saboda dajin ƙoda na Wilms da wani dajin da ake kira Burkitt suna kama da shi.

Sista a ɗakin yara: Iyaye, kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, zagaye-zagaye ake yi, sau da yawa bayan mako 3. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 da ƙarin maganin garkuwar jiki ke faɗuwa ƙasa. Zafin jiki ya kai digiri 38, kada a ba da farasitamol a kwanta, a taho asibiti ko tsakar dare ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ciki ya saɓe bayan zagaye 2, a ce an warke, a koma ƙauye. Ragowar ƙwayoyin na nan, kuma in sun dawo sun fi taurin kai.

Likitan yara: Haka ne, Sista. Yaron da bai kai wata 18 ba ya fi samun sauƙi, wasu jarirai ma ƙullin kan janye da kansa, amma likita ne zai yanke wannan bayan gwaji, yana duba yaron a kai a kai.