Yayana ya yi wata huɗu ba ya barci, ina mafita?

Ɗan Gwaram: Assalamu alaikum. Yayana magidanci ne, shekararsa 45. Ƙarfe biyun dare yake farkawa, sai juye-juye har kiran assalatu. Mai kemis ya ɗora shi kan diazepam, wata ƙwayar sa barci. Ya ci gaba da sha?

Jami'in lafiya, Ringim: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Rashin barci dare uku a mako har wata uku, ga kasala da rana, ya zama ciwo. Farkawa cikin dare irin wannan kuwa sau da yawa alamar ciwon damuwa ce. Ka lura: ya rage cin abinci? Ya daina zama majalisa, zuwa gona ma sai da ƙyar? In haka ta kai mako biyu, damuwar za a magance, barci ya biyo baya. Diazepam jiki yana sabawa da shi cikin 'yan makonni, sai ƙwaya ɗaya ta daina isa. Amma kada ya yanke shi rana ɗaya, yana iya kawo rawar jiki, har jijjiga. Likita ne zai riƙa rage masa kaɗan-kaɗan. Ku je asibitin lafiyar ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau, kuma zuwa can ba ya nufin hauka.

Hajiya Nas, Dawakin Tofa: Ɗana, ga abin yi a gida. Goro, shayi da Nescafé su tsaya daga azahar, don rabin sinadarin da ke hana barci yana nan a jini bayan awa biyar. Ƙailula kada ta wuce minti 30, kuma kafin la'asar. Kada ya kwanta sai barci ya kama idonsa. In ya yi kamar minti 20 ido biyu, ya tashi ya zauna kan tabarma da carbinsa, ban da waya, sai ya ji gyangyaɗi ya koma. Dalili shi ne, mai daɗewa yana juyi a shimfiɗa, ƙwaƙwalwarsa kan haɗa wurin da tunani da fargaba. Bayan asuba ba komawa, ko daren bai yi daɗi ba. Makon farko da wuya, a nan mutane ke sarewa.

Jami'in lafiya, Ringim: Haka ne, Hajiya. A kuma auna masa suga in fitsari ke tashinsa. Idan kuwa ya fara cewa gara mutuwa, ko ba ya barci kuma ba ya gajiya sai yawan surutu, ku kai shi asibiti a ranar. Kafin nan a ɗauke fiya-fiya da maganin feshi daga ɗakin, kada a bar shi shi kaɗai.