Yayata ta hana ni fita da ƙawayena, ga hutu ya kusa ƙarewa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah shawara nake nema, kwana huɗu ke nan ba na iya barci sosai.

Shekaruna 18, bana na gama sakandare, ina jiran sakamako. Tun da aka shiga dogon hutu nake gidan yayata a cikin gari, saboda ta haihu tana buƙatar mai kama mata aiki. Ni ce shara, ni ce wanke-wanke, ni ce wankin kayan jariri, in tana barci ni nake goya shi. Ban taɓa ƙorafi ba, don ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu.

Mu shida ne ƙawaye tun muna aji huɗu na firamare. A cikinsu akwai wadda muka fi shaƙuwa, benci ɗaya muka zauna shekara da shekaru. Lokacin da nake faɗuwa lissafi ita ta zaunar da ni har na gane. Ranar da Baba ya rasu a gidanmu ta kwana, tana riƙe da hannuna har gari ya waye. Akwai lokacin da muka yi wata biyu ba ma magana saboda wani littafi da ya ɓace, daga baya aka gan shi a jakar ƙaninta, ta zo tana kuka tana ba ni haƙuri. Na faɗi wannan ne don ku san ba ƙawayen da na tsinta a hanya ba ne.

Talata da Asabar muke fita, kuma da sanin Yaya. Ba wuraren banza muke zuwa ba: wurin shaƙatawa mai bishiyoyi, gidan namun daji, gidan tarihi sau ɗaya, wani lokaci babban kanti mu zaga mu sha sanyi ko ba mu sayi komai ba. Karo-karo muke yi.

Asabar da ta wuce mun fita ƙarfe 11 na safe, rana ta take sosai. Wajen ƙarfe 2 ɗaya daga cikinmu ta ce kanta yana juyawa, kafin mu ankara ta sulale ƙasa. Aka kai ta asibiti aka yi mata ƙarin ruwa, yanzu ta warke. Wayata ta mutu babu caji. Ban shiga gida ba sai bayan ƙarfe 9 na dare. Na sami Yaya tsaye a bakin ƙofa da jariri a kafaɗa, idanunta sun yi jawur. Ko faɗa ba ta yi mini ba, cewa kawai ta yi: “Daga yau babu ke babu fita har ki koma gida.”

Saura mako biyu mu watse. Biyu sun sami makaranta a wani gari, ɗaya kuma iyayenta za su tashi. Mun shirya fitar ƙarshe Asabar mai zuwa, har na biya kasona. Ta yaya zan shawo kan Yaya? Ko in lallaɓa in fita lokacin da take barcin rana?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam 'yata. Maganar lallaɓawa ki cire ta daga ranki tun yanzu.

Na daɗe ina aikin jinya, kuma duk lokacin zafi sai an kawo mana irin ƙawarki. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma rana ta fi ƙarfi, ku kuma daidai lokacin kuka zaɓa. Jiki yana zubar da ruwa da gishiri ta gumi, in ba a mayar ba sai jiri, ciwon kai, tashin zuciya da kasala su biyo baya. Wannan matakin farko ne. In aka bari zafin jiki ya kai digiri 40, mutum ya fara sambatu ko ya daina gane mutane, to rai ake magana, ƙwaƙwalwa da ƙoda suna iya taɓuwa. Abin da ake yi kafin a isa asibiti shi ne a kai mutum inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa ana yi masa fifita. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki, zai iya shaƙewa. A cikinku shida akwai wadda ta san wannan?

Sannan lissafinki bai cika ba. Daga ƙarfe 2 zuwa 9 awa bakwai ke nan. Duk a asibiti kuka yi su? Sauran biyar ɗin babu mai waya? Kuma wa ya ɗauke ku zuwa asibitin?

Mai tambaya:
Anti suna da waya, ni ce ban haddace lambar Yaya ba. Kuma a ruɗe muke, ba wanda ya tuna da kira. Ba zan iya tafiya in bar ta a kwance ba sai da mamanta ta zo. Yayan ɗaya daga cikinmu ne ya kai mu a mota.

Ɗalibin jami'a:
Ƙanwata ni ban ga laifinki ba, ƙawarki kika tsaya wa. Matsalar manyanmu ke nan, kuskure ɗaya sai a kulle ƙofa gaba ɗaya. Ni haka aka yi mini. Har na gama sakandare ban san hanyar ko'ina ba sai makaranta da gida. Ranar da na fara zuwa jami'a ban iya ko shiga bas ni kaɗai ba, sai da na ɓata na yini ina bulayi. Abokaina na yarinta duk mun rabu saboda kullum suka zo sai a ce ba na nan, alhali ina ciki ina jin muryarsu. Har yau abin yana ci mini rai.

Ki je mata da tsari. A WhatsApp za ki iya tura mata inda kike kai tsaye, akwai na minti 15, na awa 1 da na awa 8. Ki zaɓi na awa 8, tana zaune za ta ga duk inda kika taka. Ki ari ƙaramin batirin cajin waya, ki rubuta lambarta a takarda ki sa a jaka, ki ba ta lambobin ƙawayenki biyu. Ku mayar da fitar bayan ƙarfe 4.

Anti Nas:
Ɗana, waya tana nuna inda mutum yake, ba ta nuna da wa yake tare. Ke 'yata, wannan yayan ƙawar taku daga ina ya ɓullo? Kiran sa kuka yi ko dama yana wurin?

Mai tambaya:
Dama yana wurin Anti. Shi yake kai mu tun mako na biyu, saboda kuɗin mota yana mana yawa. Mu dai mu haɗa masa na mai. Shekarunsa 19, yana da natsuwa sosai, ba ya gudu. Wani lokaci abokinsa yana raka shi.

Anti Nas:
Yayarki ta san da wannan?

Mai tambaya:
Ta ɗauka bas muke shiga. Ban yi mata ƙarya ba, farkon hutu da ta tambaye ni bas ɗin muke shiga da gaske. Daga baya ba ta sake tambaya ba.

Tsohon direba:
Tsaya yarinya. Ku shida, da shi, da abokinsa, takwas ke nan. Ƙaramar mota mutum biyar aka ƙera ta ta ɗauka har da direba, bel ma biyar ne. Ke nan wasu kan cinyar wasu suke. Motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima birkinta ba ya kamawa da wuri, ga kwalta ta ɗau zafi, taya tana iya fashewa. Yana da lasisi kuwa? Motar tasa ce ko ta gida yake ɗaukowa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Ni ba a takarda na gani ba. Wani yaro sa'an wannan ya taɓa shan gabana a kwana, mota cike da abokansa, kiɗa yana tashi. Na kauce masa na faɗa rami, gaban motata ya lotse. Uban yaron ya zo, maimakon ya ba ni haƙuri sai ya ce ni ne tsufa ya sa ba na gani. Wata uku ina zaune babu aiki, da kuɗina na yi gyara. Iyaye suna miƙa wa yara makulli kamar abin wasa.

Mai tambaya:
Baba ban tambaye shi lasisi ba, ai da nauyi in tambaya, taimakonmu yake yi. Kuma ba kullum muke cika shida ba. In ba don motarsa ba ranar nan ban san yadda za mu yi da ƙawarmu ba.

Uwar 'yan biyu:
Ni yayarki nake tausaya wa wallahi. Ba wanda ya san nauyin riƙon ɗan wani sai wanda ya yi. Ƙanwar maigidana ta yi hutu biyu a wurina. Ranar da ta kai dare a waje, ni aka kira ana tambaya ina na bar ta ta je. Da na hana ta fita kuma aka ce na tsane ta, na mayar da ita 'yar aiki. Har yau akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwata da kyau a dangin saboda wannan. Mace da ɗanyen jego, tana ta kiran waya a kashe har ƙarfe 9, kin san abin da ya riƙa zuwa mata a rai? Ki haƙura da fitar nan, ƙawaye ba sa ƙarewa.

Wata yaya:
Ni kuma ta wani ɓangaren nake kallo. Yarinya tana aiki tun safe har dare, kwana biyu kacal take samu a mako ta sha iska, shi ma an ƙwace. Ina adalci a nan? Ki kira mamanku ki gaya mata komai, ita ta sa baki. Kuma ƙawayen yarinta suna ƙarewa, ni nawa sun ƙare.

Mai tambaya:
A'a Yaya, ba ta zalunce ni ba, ni nake yin aikin da son raina. Kuma in Mama ta ji cewa za ta yi in tattaro kayana in dawo gobe, shi ke nan ma na rasa duka.

Baban 'yan mata:
'Yata, 'ya'ya mata huɗu gare ni, biyu sun wuce shekarunki. Yayarki tsoro ne ya kama ta, kuma tsoro yana sauka in aka bi shi a hankali. Ki sami lokacin da jariri ya yi barci, ki zauna kusa da ita ki ba ta haƙurin daren nan, ba tare da kin kawo uzuri ko ɗaya ba. Kada ki roƙi fita a ranar. Washegari ki tambaye ta ko za ta yarda ƙawayenki su zo gida ku yini tare. In ta gan su da idonta, ta ji hirarsu, wataƙila da kanta za ta ce ku ɗan zaga da yamma. Maganar motar kuwa, tunda kin daina shiga, ba sai kin tayar da ita yanzu ba.

Anti Nas:
Alhaji ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Wa ya ce ta daina shiga? Ba ta faɗa ba. Kuma mamar yarinyar da ta suma ta ga wanda ya kawo su asibiti. Yau ko gobe maganar za ta isa kunnen yayar, ramin ƙarya ƙurarre ne. In ta ji a bakin wani, ba fitar Asabar kaɗai yarinyar nan za ta rasa ba, yardar da ke tsakaninsu ce za ta tafi. Ke 'yata, shirun da kika yi mako da makonni kina sane da abin da ta ɗauka, shi ma ɓoyewa ne. Ki gaya mata yau, da bakinki, har da abokin nasa. In ta ce babu fita, babu fita. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Ɗalibin jami'a:
Anti in ta faɗa yau ai an gama, ba za ta sake ganin ƙawayenta ba. Ta bari bayan Asabar mana.

Anti Nas:
Wato ta sake shiga motar sannan ta faɗa? Da ka ga abin da nake gani a ɗakin gaggawa da ba ka rubuta wannan ba.

Mai tambaya:
Na gode duka, Allah ya saka da alheri. Amma kamar ba ku fahimce ni ba. Ba yawo ne ya dame ni ba, sallama nake so mu yi. Gidan Yaya ɗaki biyu ne, ga jariri, mijinta kuma yana gida ranar Asabar, ba za mu sake ba. Wurin da muka shirya zuwa bas ba ya kaiwa, shi ya sa muka riga muka yi magana da yayan ƙawar tamu. Na ce musu wannan karon ban da abokinsa. In na janye yanzu kuɗin da aka haɗa ba zai isa ba, kuma ni na kawo shawarar wurin tun farko.

Jiya da dare na ɗauko maganar haƙuri, sai jaririn ya tashi da kuka, ta shiga ɗaki. Yau da safe ta miƙo mini shi ta ce in riƙe, ba ta ƙara komai ba. Yau Alhamis.

Tsohon direba:
Bakwai ma sun yi yawa. Ki tambaye shi lasisin.

Anti Nas:
'Yata, kin gaya mata maganar motar ko ba ki gaya mata ba?