Karena ya ƙi barin gwaguyar ƙafafunsa, ku ba ni shawara

Mai Farin Kare: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Karena bai cika shekara biyu ba, amma ya addabi ƙafafunsa da lasa da gwaguya, musamman da dare. Ina kwance ina jin ƙarar lasar har ta hana ni barci. Gashin tsakanin yatsunsa da yake fari tas yanzu ya rine ya koma ja-ja, ga wani tsamin wari. In na tsawata masa ya bari, da na juya baya ya koma. Me zan shafa masa?

Dattijon Zaure: Wa alaikumus salam. Sannu 'yata. Kafin a kai ga shafe-shafe, ƙafa ɗaya ce ko duka huɗun? In ɗaya ce, ki kwantar da shi ki haska fitila, ki buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa ƙaya ce, ko tsinin ciyawa ya shige, ko farce ya tsage, ko kaska ta maƙale a lungu. In duka ne, to abin daga jiki yake. Kuma ki daina tsawata masa, ƙaiƙayi ne ya ishe shi, ba rashin ji ba ne.

Mai Farin Kare: Duka huɗun ne Baba, na gaba sun fi. Yana kuma karkaɗa kai yana susar kunne.

Anti Nas: Ƙafa da kunne tare, kuma a wannan shekarun, ya yi kama da alaji (jiki ya ƙi jituwa da wani abu) na abubuwan da ke kewaye da shi, wato ƙura, ƙananan ƙwarin da ke cikin shimfiɗa, garin furanni da ciyayi. Irin wannan yakan fara bayyana ne tsakanin wata 6 zuwa shekara 3. Rinewar gashin kuwa yawunsa ne ya jawo ta, ba jini ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne warin. Fatar da kullum take jiƙe da yawu, wani fangas mai suna Malassezia yakan yi yawa a kanta, wani lokaci har da bakteriya, su kuma sai su ƙara ƙaiƙayin. Ya lasa ya jiƙa, su hayayyafa, ya ƙara lasa. A asibitin dabbobi aikin minti kaɗan ne: a manna salatif a tsakanin yatsun, a ɗaga, a duba a madubin likita. A kuma kankari fatar a duba ko akwai ƙwarin ƙazuwa, don su ma suna kama ƙafa. Muddin ba a kashe waɗannan ba, duk maganin ƙaiƙayin da aka ba shi rabin aiki zai yi.

Baban Karnuka Uku: Ni dai na ce a fara da ƙuma. Kada ki ce ba ki gani ba ƙanwata, kare mai alajin yawun ƙuma cizo kaɗan ya ishe shi. Ki taje gindin wutsiyarsa a kan farar takarda mai danshi. In baƙin gari ya zubo ya narke ya zama ja, kashin ƙuma ne. Ni Bravecto nake ba nawa, ƙwaya ɗaya tana kai mako 12, akwai kuma NexGard da Simparica na wata-wata. Duk dabbar da ke gidan za a yi wa magani, kowace da irin nata, a wanke shimfiɗu da ruwan zafi, don yawancin ƙumar ƙwai ne da tsutsa a ƙasa, ba a jikin karen ba.

Anti Nas: Gaskiya ne Yaya, sai dai a ƙara da cewa tun 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi kan wannan rukunin magunguna ga karen da ya taɓa farfaɗiya. A faɗa wa likita tukuna. Mai kyanwa a gida kuma ya nisanta ta da duk maganin kare mai permethrin, yana kashe ta.

Sabon Shiga: Ai kawai ki sauya masa abinci, wani ya ce min hatsi ne ke kawo duk wannan.

Maman Baƙi: Ɗan'uwa ba haka abin yake ba, na sha wannan hanyar da karyata. Abin da aka fi samu yana tayar wa kare alaji naman shanu ne, madara, kaza, sannan alkama. Sauya buhu zuwa wani buhu ba gwaji ba ne, don galibinsu da kaza ko shanu a ciki ko da ba a rubuta a gaba ba. Gwajin gaske shi ne likita ya zaɓa masa nama guda da bai taɓa ci ba, ko abincin da aka farfasa furotin ɗinsa, ya ci shi kaɗai na mako 8 aƙalla. Shi kaɗai fa! Ba ƙashi, ba ragowar kwano, ba ɗan guntun da yara ke jefa masa a ɓoye, nan ne ma yawancin mutane ke faɗuwa. In ya samu sauƙi sai a mayar masa da tsohon abincin. Ƙaiƙayi ya dawo cikin mako biyu, to an kama ɓarawon. Gwajin jini na abinci kuwa ba abin dogaro ba ne. Tawa abinci bai canza mata komai ba, amma na huta da zargi, muka koma kan ƙura da ciyawa.

Mai Farin Kare: To Maman Baƙi me ya taimaka mata daga baya?

Maman Baƙi: Abin da ya fi komai sauƙi ne ya fara rage mata. Duk dawowa daga yawo ina tsoma ƙafafunta a ruwa mai ɗumi, in bi tsakanin yatsun da tawul har su bushe sarai. Busarwar ta fi wankin muhimmanci. Da likita ya ga fangas ya ba mu sabulun ruwa mai chlorhexidine da miconazole, sau biyu a mako, a bar kumfar minti 10 kafin a ɗauraye. Mutane na wankewa nan take su ce bai yi ba. Da dare ina sa mata robar nan ta wuya mai kama da mazurari har fatar ta warke.

Dattijon Zaure: Ni a da prednisolone aka ba nawa. Yana kwantar da ƙaiƙayi da wuri, amma sai shan ruwa, yawan fitsari da ci babu ƙoshi. Na ɗan lokaci ne, kuma in an daɗe a kai ba a yanke shi lokaci guda, a hankali ake janyewa.

Anti Nas: Yanzu akwai zaɓi Baba. Apoquel an amince da shi a Amurka a 2013, ƙwaya ce, tana aiki cikin kwana guda, amma ba a ba karen da bai kai wata 12 ba ko mai fama da cuta mai tsanani. Cytopoint allura ce, tana tare sinadarin IL-31 mai kai saƙon ƙaiƙayi, takan riƙe mako 4 zuwa 8. Ciclosporin na ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsa. Maganin alaji na mutane ba ya yi wa yawancin karnuka wani abin kirki. Man kifi yana taimaka wa fata, amma sai an yi wata biyu ko uku. Mai son a tunkari tushen abin, akwai allurar da ke sa jiki ya saba da abin da ke tayar masa da alaji, da ake haɗawa bayan gwajin fata, tana iya kai shekara kafin a yanke hukunci a kanta. Ki sani dai alajin muhalli lallaɓa shi ake yi, ba ya tafiya gaba ɗaya. Ina roƙonku kuma, kada a ba kare ibuprofen ko farasitamol da ka, kada a shafa masa man tea tree, lashewa zai yi kuma guba ne.

Mai Farin Kare: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na taje shi yanzu, ban ga baƙin garin ba, amma zan tambayi likita maganin ƙumar. Anti, in wanke ƙafar kafin mu je gobe?

Anti Nas: A'a ƙanwata, ki bar ta yadda take, kada ki shafa komai, don a samu abin dubawa. Ki rubuta duk abin da yake ci da watan da abin ya fara, ki kuma ce a leƙa kunnen.