Kayan zaƙina mai hawa-hawa ya ƙi daskarewa, ina mafita?

'Yan uwa, don Allah ku agaza mini. Saura kwana 5 walimar hutun bazara, kuma ni na ɗauki nauyin kayan zaƙi na mutum 15. Saboda zafi na zaɓi wanda ba sai an gasa ba.

Ga yadda na yi: na daka biskit giram 250, na cuɗa da narkakkiyar bota giram 100, na danne a ƙasan kwano. Sai kastad, sai bugaggen kirim da na zuba wa jelatin (sinadarin da ke sa abu ya daskare), sannan yankakkiyar ɗanyar abarba, na sake maimaitawa. Ya kwana a firji.

Sau biyu ke nan ina gwadawa. Da na sa wuƙa sai ya zube, ruwa ya kwanta a ƙasa, biskit ɗin ya jiƙe sharkaf. Abin ya dame ni, don ɗanɗanon kam ya yi.

Na san ɗanyar abarba tana hana jelatin kamawa, ta gwangwani kuwa ba ta hanawa saboda an dafa ta. To ita kaɗai ce matsalar, ko kastad ɗin ne na zuba da sauran ɗumi? Kirim ɗina kitsensa kashi 30 cikin 100 ne, ya isa? Idan na koma ƙananan kofuna, zai fi tsayawa?